Ƙanƙarar Ranar Laraba

Zinariya, matar marigayi Mijinyawa direba, ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana saka maɓalli a unguwar Wunti, cikin Bauchi. Teloli su ɗinka riga, su aiko mata, ta huda, ta ɗaura maɓalli, ta kalmashe bakin hannu. Aikinta ke nan, kuma ban taɓa jin an dawo da riga don maɓallinta ya fita ba. Katangarmu ɗaya da ita. Ni Babarbariya ce, ita Bafillatana, saboda haka tun ranar da aka kawo ta unguwar nake tsokanarta tana ramawa. Ina ce mata baiwata, tana ce mini mai fuska kamar kaji sun yi tono. Ni kuma sana'ata ƙanƙara, firiza biyu gare ni a zaure, kuma da wannan ƙanƙarar na shiga cikin abin da ba ruwana.

'Yarta ta fari sunanta Saudatu. Ni nake faɗin sunan, don Zinariya ba ta taɓa faɗa ba. Kun san kunyar ɗan fari, to ta Zinariya ta wuce wadda kuka sani. Ana yaye yarinyar aka kai ta GRA wurin ƙanwar ubanta, can ta girma. In ta zo hutu, uwar ba ta kallon fuskarta, ba ta ci a gabanta, ba ta yi mata magana kai tsaye. Sai ta juyo wajena ta ce, "Hajja, tambayi 'yar GRA ɗin nan ko ta ci abinci." Yarinyar na zaune a kan tabarma ɗaya da mu. Ita kuma Adda take kiranta, kamar wata yayarta.

Ciwon ya fara ne a bazarar shekarar da Saudatu ta shiga sakandare. Zinariya na zura zare a allura sai idonta na hagu ya ɗauke. Bai yi ja ba, bai yi ruwa ba, kawai kamar an ja labule. Damina na sauka ya dawo. Bayan shekara biyu ƙafar dama ta yi nauyi, ta koma jan ta kamar ba tata ba, ita ma ta yi wata biyu ta saki. Daga nan ta fara jin kamar wani ya rungume ta ta baya, ya matse haƙarƙarinta, ya ƙi saki har la'asar. In ta sunkuya ruku'u kuma, sai wani abu kamar wutar lantarki ya bi gadon bayanta har yatsun ƙafa.

Wannan na ruku'un shi ya gama yanke hukunci a unguwa. Me zai hana mutum sunkuya wa Ubangijinsa in ba wanda kuka sani ba? Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi har bangon ɗakinta ya yi baƙi. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ladabin abin. Ba ya kayar da ita, ba ya magana da bakinta. Ya zo shiru, ya ɗauki gaɓa ɗaya, ya riƙe, ya mayar, amma kullum abin da ya mayar bai kai abin da ya ɗauka ba. Na ce mata, "Wannan aljanin naki ɗan haya ne, da makullinsa yake yawo." Ta ce, "Da Babarbare ne da tuni ya kwashe har tukwane."

Saudatu ta yi karatun likita, ta tafi ƙasar waje ta ƙaro na jijiya da ƙwaƙwalwa, ta dawo Bauchi da tabarau da furfura biyu a goshi. Ita ta fara gaya mana cewa abin yana da suna. Sunan ya fi ƙarfin haƙoran da suka rage mini, amma likitoci suna taƙaita shi su ce Em-Es. A zaurena ta yi mini bayani, uwarta na jin mu ta bayan katanga, don dama saboda ita ake yi.

Ta ce, "Gwaggo, kin ga wayar wuta da roba a jikinta? Jijiya ma tana da riga. Garkuwar jikin mutum, wadda ya kamata ta yaƙi cuta, ita ce take juyowa tana cin rigar. Wurin ya kumbura, saƙo ya kasa wucewa daga kai zuwa ƙafa."

Na ce, "Ɓera ne ke nan a cikin silin."

Ta ce, "Ɓeran gida kuwa. An daɗe ana cewa ciwon Turawa ne, ba ya kama mu. Ni kuwa tun ina sakandare nake ganinsa."

Ta samu ɗaki biyu da baranda a wani asibiti, ba zan faɗi wanne ba, ta fara tara masu irin ciwon. Uwarta ce lamba ɗaya a littafin. Duk wata uku, ranar Laraba, za a zo awo. An ja jan fenti biyu a ƙasan barandar, tsakaninsu bai fi taku goma sha biyu ba. Mara lafiya ya tsaya a kan ɗaya, ya taka zuwa ɗayan, likita na can ƙarshe da agogon ƙirga daƙiƙa a hannu. Sai a ba ka allo mai rami tara ka zura 'yan sanduna ka zare. Sau ɗaya a shekara kuma a kai su wani gari a ɗauki hoton cikin kai. Daga ranar Zinariya ta canza wa 'yarta suna, ta koma mai agogo.

Awon farko a watan Afrilu aka yi shi, da tsakar rana, ni na raka ta a keke mai ƙafa uku. Ta taka rabin hanya, ƙafar ta ƙi, ta ja ta, ta sake ja, ta kife a gaban jan layin. Saudatu ta yar da agogo ta rugo, ta durƙusa ta tallabe ta, ta ce, "Inna." A gaban ma'aikata, a gaban masu jira, hawaye na zuba a kan tabarau.

Na mayar da Zinariya gida. Sai da na kwantar da ita ta ce, "Kin ji abin da ta kira ni a cikin mutane?"

Na ce, "To uwar wa kike so ta kira? Tawa ta mutu."

Ta ce, "Ba za ta sake ganina a ƙasa ba."

Ashe ta daɗe da sanin wani abu game da ɗan hayan nata. Zafi ke ba shi ƙarfi. In ta kwara ruwan randa a jiki, ƙafar takan saki na ɗan lokaci, idon ya washe, yatsu su kama allura. Da haka take saka maɓalli duk shekarun nan, da kwanon ruwan sanyi a gefenta tana tsoma hannu, mu muna zaton tsabta ce ta Fulani. Da awo na biyu ya zo, ta aiko a kira ni da sassafe, ta ce in zo da ƙanƙara dunƙule huɗu.

Ga yadda muke yi. In fasa ƙanƙarar a babban baho, in cika da ruwa, ta shiga ta zauna har leɓenta ya yi shuɗi. Ta fito, in ɗaura mata jiƙaƙƙen zane, in naɗa leda a kan zanen, sannan ta ɗaura busasshe mai kyau. Guntu ɗaya a ƙeya cikin ɗankwali, wani a kofi tana tsotsa a keke. Ranar ta tsaya a kan jan layi, ta taka kamar budurwa za ta ɗibar ruwa. Daƙiƙa bakwai. Saudatu ta duba agogo, ta sake dubawa, ta rubuta.

Ta ce, "Adda, ya jiki?"

Zinariya ta kalli bango ta ce, "Hajja, ce mata da sauƙi."

Za ku ce likita guda, mai tabarau, ta kasa gane jiƙaƙƙiyar mace? Ni ma na tambayi kaina. Amma kunyar nan ba gefe ɗaya take ba. Tun ranar da ta yi subul da baka, Saudatu ba ta ƙara taɓa uwarta ba, ba ta ƙara ɗaga ido daga kan agogo ba. Wata ma'aikaciya Dorcas ce ke ɗibar jini. Ita ta taɓa cewa, "Mama, hannunki sanyi kamar an ciro kifi." Zinariya ta ce, "Wanka na yi. Mu ba ma zuwa wurin likita da wari." Dorcas ta ji kunya ta bar maganar. Ranar Juma'a kuma, in Saudatu za ta zo gaisuwa, ni take bugo wa waya tukuna, sai ta tarar da uwar a zaune, an jingina ta da bango, riga a cinya, allura a hannu. Wa zai ce wa uwarsa tashi in ga tafiyarki?

Da a kan Zinariya abin ya tsaya da sauƙi. Amma littafin ya yi ta cika, har suka kai sha bakwai, mata sha huɗu, maza uku. A kan bencin jira ta ga wata ta zo ana riƙe da ita, sai ta matsa kusa ta yi mata raɗa. Na ji da kunnena. Ta ce, "Yarinya ta baro ƙasar Turawa ta dawo saboda mu, sai mu zo mu zube mata a baranda? Ki nemi Babarbariyar can, baƙin hali gare ta amma ƙanƙararta na da ƙarfi." Kafin shekara ta zagayo, duk matan sun koya. Wasu don kada su kunyata likita, wasu don suna tsoron in sun yi rauni za a cire su daga littafi a daina ba su ƙwayar magani. Wata malamar firamare daga Yelwa mai suna Felicia, ita dalilinta daban. Ta ce mini, "Mama, sau huɗu a shekara nake tafiya kamar mutum. Bar ni in ji daɗinsa." Mazan kuwa ba wanda ya gaya musu. Wace mace za ta yi wa namijin wata zancen baho?

Na sha raka su, kuma har yau in na tuna bencin nan sai tsigar jikina ta tashi. Ku ɗauka watan Afrilu, rana ta take, kwanon rufi na ƙara don zafi, kowa a asibiti na fifita da katinsa. Sai ga mata sha huɗu a jere, ba mai gumi ko ɗigo, ba mai magana don haƙora na haɗuwa, leɓe duk ya yi toka, ido a kan jan layi. In ka wuce ta gabansu sanyi ya buge ka kamar ka leƙa rijiya. Ƙuda ma ba ya sauka a kansu. A kira suna, mace ta miƙe cak, ta taka, ta dawo, ta fita da sauri kafin abin ya sake ta. In sun watse, sai ka ga ruwa kwance a ƙarƙashin bencin, tabo sha huɗu. Mai shara ya kai ƙara sau uku cewa rufi na yoyo, aka hau aka duba, ba ko huda, ga shi ba a yi ruwan sama ba tun Oktoba. Daga baya ya daina zuwa aiki ranar Laraba, ya ce shi yana da iyali.

Hotunan cikin kai kuwa ba sa shan ƙanƙara. Na ga na Zinariya a bangon ofis, an haska shi ta baya. Fararen tabo ne dogaye a jere, sun taso daga tsakiya, sak yatsun hannu, kamar wani ya dafa daga ciki yana neman ya buɗe. Duk shekara sai an samu ƙarin yatsa. Wannan shi ya ɗaure wa Saudatu kai, kuma shi ya ɗaga ta. Kai ya ci wuta, ƙafa na tafiya daƙiƙa bakwai. Haka sauran matan. Mazan uku kuwa suna ta lalacewa yadda littafi ya ce. Ta zauna ta rubuta takarda cewa a Bauchi akwai mata da wani abu ke kare su daga kumburin jijiya, ba a san ko mene ne ba.

Ni ban san takarda na da ƙafa ba sai a kan wannan. Saudatu ta ce a wurinsu darajar malami ita ce sau nawa wasu malamai suka ambaci aikinsa a cikin nasu. Wayarta ma an saita ta, duk wanda ya ambace ta a ko'ina a duniya sai ta yi ɗan ƙara. Na ce, "Ashe ku ma kirari kuke ci, sai dai naku maroƙan da digiri." Ɗari, ɗari uku, ɗari shida. Aka ba ta farfesa. Baƙi suka yi ta sauka, farare da jajaye, suna ɗibar jinin matan nan, da yawunsu, har da abin da ba a faɗa a kan takarda. Suna tambaya me kuke ci, awa nawa kuke yi a rana, nono ɗanye kuke sha ko dafaffe. Wani yaro ya yi digirin dakta a kan daddawa. Ya zauna a zaurena, a kan firizata, yana tambayata sau nawa muke kaɗa miyar kuka a mako. Na ba shi amsa, na kuma ba shi ƙanƙara kyauta don na ga yana narkewa.

Kada in ci hakkin takardar. Saboda ita likitocin ƙasar nan suka fara yarda cewa ciwon yana kama baƙar fata. Mata da yawa da ake turara wa hayaƙi a ƙauyukan Dass da Ningi, aka fara turo su asibiti. Wannan gaskiya ne, kuma yana nan. Zinariya takan ji labari ta bakina, ta yi kamar ba ta ji ba, sai dai ranar maɓallanta sun fi zama daidai.

Amma ni nake ganin sauran kwanakin. Shekara goma sha ɗaya muna wannan. Matar da duniya ta sani da daƙiƙa bakwai, a gida da gindi take ja daga ɗaki zuwa bayi. Dunƙule huɗu ya koma shida, rabin awa a baho ya koma awa guda, abin da take samu kuma bai wuce minti ashirin ba. Wani lokaci ina ciro ta daga ruwan sai in sa kunne a ƙirjinta tukuna.

Sai aka aiko wa Saudatu wata allura mai ƙarfi daga waje, wadda ke tsayar da ciwon kafin ya gama cin mutum. Ta mutum biyar ce kawai. Ita kuwa mai gaskiya ce, ba ta duba fuska ba, littafi ta buɗe ta zaɓi waɗanda tafiyarsu ta fi muni. Mazan uku suka samu, da wasu sababbi biyu da ba su kai ga jin labarin baho ba.

Ranar Talata da la'asar, ana gobe awo, mijin Felicia ya kawo ta a keke karɓar ƙanƙara. Ba ta iya saukowa ba. Shekararta ashirin da tara, yaranta biyu. Na miƙa mata kofin ruwa, ya zame daga hannunta, ta bi shi da kallo. Ta ce, "Mama, likita ta ce ni ba na buƙata, wai ina cikin masu sa'a. Daƙiƙa takwas gare ni." Ta yi dariya kaɗan. "Alli ma ya daina tsayawa a hannuna."

Na shiga wurin Zinariya ban yi sallama ba. Na gaya mata duka. Na ce, "Ke kin tsufa, ni na tsufa, in mun mutu asarar tuwo ce kawai aka rage. Yarinyar nan fa?"

Ta ci gaba da ɗaura maɓalli.

Na ce, "Ki gaya wa 'yarki."

Ta ce, "Da wane bakin?"

"To ni zan gaya mata. Nawa bakin ba a yi masa kaciya ba."

Ta ajiye rigar. Ta ce, "Duk abin da ake kiranta da shi a duniya, a kan barandar nan aka gina shi. Kina so ki tsaya a gabanta ki ce mata shekara goma sha ɗaya ruwan bahonki take aunawa? In kika faɗa, Hajja, ko gawata kada ki wanke."

Ban taɓa jin ta kira ni Hajja ba tare da ta haɗa da zagi ba, in ba saƙo za ta ba ni ba. Na fita na bar ta.

Da safe na zo da dunƙule shida kamar kullum, na fara fasawa a baho. Ta ce, "Mayar da kayanki." Na ɗaga kai. Ta riga ta yi wanka, ta shafa mai, ta ɗaura atamfar da aka yi mata ta bikin farfesa, busasshiya ƙamas. Ta ce in ja tabarmarta in kai ta tsakar gida. Nan ta zauna a rana tun hantsi, ba ta yarda an ba ta ko ruwan randa ba. Ina kallo ɗan hayan ya shigo ya kama ɗakunansa ɗaya bayan ɗaya. Idon hagu ya fara juyewa, hannu ya faɗi a cinya, magana ta yi nauyi. Da azahar ta gabato ta ce a kira keke. Ni da mai keken muka ɗaga ta.

Matan na kan benci, a jere, a sanyaye. Da suka ga yadda aka shigo da ita, gumi na tsiyaya daga haɓarta, sai suka matsa mata wuri fiye da yadda take buƙata. Dorcas ta kira lamba ɗaya.

Na kai ta kan jan layi, na tsayar da ita, ta ce in sake ta. Saudatu na can ƙarshe, kai a sunkuye, ta ce, "Bismillah," ta danna agogo. Daƙiƙa bakwai suka wuce ba ta ji takun kowa ba. Ta ɗago.

Zinariya ta yi taku ɗaya. Na biyun bai zo ba. Ta sulale a hankali ta bi bango har ƙasa, ta gyara zanenta ya rufe ƙafa, ta dafa siminti da hannu biyu, ta fara ja, yadda take yi a gida kullum, don jikinta ya san aikin. Duk barandar ba ka jin komai sai ƙarar atamfa a kan siminti da ɗigar ruwa daga benci. Saudatu ta yunƙuro. Uwar ta tsaya, ta juyar da fuska wajena.

Ta ce, "Hajja, gaya wa mai agogo ta tsaya inda take. Ta ci gaba da ƙirga."

Na faɗa, ko da yake kowa ya ji. Saudatu ta tsaya. Minti huɗu da daƙiƙa goma aka yi kafin hannun Zinariya ya taɓa jan layi na biyu, dab da takalmin 'yarta. Ta zauna tana haki, tana kallon takalmin.

Ta ce, "Hajja, ce mata ta rubuta. Ce mata kuma ta taɓa zanen malamar Yelwa."

Saudatu ta rubuta tukuna, na ga alƙalamin ya huda takarda. Sannan ta taka zuwa benci, ta sunkuya, ta kama gefen zanen Felicia, ta ɗaga kaɗan. Leda ta yi ƙara. Ta dafa na ƙasan, ta duba tafin hannunta. Ta bi layin mace bayan mace, tana dafawa, har sha uku. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Da ta gama ta tsaya a gabana, ta daɗe tana dubana.

Ta ce, "Gwaggo, tun yaushe?"

Na ce, "Tun awo na biyu."

Ta ce, "Kowa ya koma gida. Ku dawo Laraba mai zuwa da azahar, kowa da busasshen zane."

Da suka dawo, huɗu ne kawai suka iya kai wa layi na biyu a tsaye. Aka sake rabon allurar, Felicia ta samu. Ba ta koma aji ba, amma tana riƙe cokali da kanta, tana yi wa 'yarta kitso in an yi sanyi. Saudatu ta rubuta wata takardar, shafi ɗaya da rabi, ta aika inda ta aika ta farko, ta ce abin da ta auna ba kariya ba ce, sanyi ne, kuma laifin mai awo ne da ba ta taɓa marasa lafiyarta ba. Ba ta ambaci uwa ba, ba ta ambaci mai ƙanƙara ba. Baƙi suka ɗauke ƙafa. Wasu tarukan da ake gayyatarta suka manta adireshinta. Ranar Juma'a ta ci gaba da zuwa gaisuwa, sai dai ta daina bugo waya, kuma ita da uwar ba su taɓa tayar da maganar ba, ko ta bakina.

Zinariya ta rasu a bazarar da ta biyo, ranar Litinin da hantsi. Ni na wanke ta.

Ranar sadakar uku muna zaune a tsakar gidan, mata sun cika, ana raba gumba, sai wayar Saudatu ta yi ɗan ƙaran nan. Ta duba, ta daɗe, sannan ta miƙo mini kamar na iya karatun Turanci. Na ce ta fassara. Ta ce wasu malamai ne a wata ƙasa mai nisa suka fitar da sabon aiki a makon nan, sun ambaci takardarta ta farko. Ta gyaran mutum tara ne suka taɓa ambata, ta farkon ta haura ɗari tara, kuma ba ta tsaya ba.

Na ce, "Me suka ce?"

Ta karanta a hankali, tana mayarwa da Hausa. Sun ce a Bauchi akwai wata mata, lamba ɗaya, wadda kanta ya cika da tabo, amma har yanzu tana tafiya da ƙafarta cikin daƙiƙa bakwai.

Matar da ke kusa da ni ta janye ƙafarta daga bakin ƙofar ɗakin Zinariya. Na ce wa Saudatu ta rubuta musu ta ce matar ta kwanta, su bar ta ta huta. Ta ce ta rubuta wa na baya, da na bayansu. Tana cikin mayar da wayar jaka ta sake yin ƙara.